Wa Za Mu Saurara a Kan Fassarar Littafi Mai Tsarki?

Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ɗan ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana da 'yan'uwana Kirista masu karanta Hausa. Na san yawancin masu karanta jaridar nan Musulmi ne, amma ba na jin maganar za ta zame musu baƙuwa, domin na sha jin maƙwabtana, in wani ya miƙe yana wa'azi, suna tambaya: a wajen wa ya yi karatu? Tambaya ce mai kyau, mu kuwa mun yi sakaci da ita.

Ni tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, na yi ritaya, 'yar ɗarikar ECWA tun haihuwa, ina kuma cikin shugabannin Zumuntar Mata a majami'armu a nan Kaduna. Ban shiga makarantar tauhidi ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yawan masu fassara ma'anar Littafi Mai Tsarki da suka cika mana kunne. A da, mai bi a ƙauye daga bakin mutum ɗaya ko biyu yake jin Maganar Allah: mai bishara da ke zaune a gidan bayan majami'a, sai fasto da kan zo a keke ya ba da Jibin Ubangiji. Yau kowace waya cike take da masu wa'azi, a Facebook, a TikTok, a YouTube, da waɗanda ake ta turowa a WhatsApp tun kafin gari ya waye. Kowannensu da Littafi Mai Tsarki a hannu, kowannensu yana cewa "in ji Ubangiji", maganar wannan kuma tana rushe ta wancan. To, mai bi talaka da ya dawo daga kasuwa a gajiye, wa zai yarda da shi?

Akwai wata 'yar'uwa a zumuntarmu, mai sayar da kayan miya, da ta daɗe tana fama da hawan jini. Nakan tafi da na'urar awon jini a jakata, in an tashi daga zumunta mata su yi layi a kan benci in auna su. Ita ce kullum ta farko. Sai na lura ta daina zuwa layin, ana rufe addu'a ta ɗauki jakarta ta fice. Da na bi ta gida, na tarar da ita zaune a ƙofar ɗaki ta ɗaure goshi da ɗankwali tamau saboda ciwon kai. Na roƙe ta har ta miƙo hannu. Jinin ya haura 200. Na ce ina maganinki? Ta shiga ɗaki ta fito da waya da wata 'yar kwalbar mai. A wayar akwai wani mutum cikin farar kwat, yana magana da Turanci wani yana juya masa da Hausa, yana karanta Ishaya 53:5, inda aka ce ta wurin raunukansa muka warke. Ya ce duk wanda aka yi masa addu'a ya ci gaba da haɗiyar ƙwaya, to ya mai da Allah maƙaryaci. Ta tura masa kuɗi, an aiko mata da man ta tashar mota, ƙwayoyin kuwa ta zuba su a shadda.

Na ce ta ɗauko Littafinta. Muka buɗe wannan Ishaya ɗin dai, sura 38, inda sarki Hezekiya ya kwanta ciwon ajali, ya juya fuska ga bango ya yi kuka, Allah ya ƙara masa shekara 15. A aya ta 21, annabin da kansa ya ce a kawo curin ɓaure a manna a kan marurun. Na nuna mata inda Bulus ya ce ya bar Tarofimas ba lafiya a Militas, da inda ya ba Timoti shawara a kan ciwon cikinsa, da inda ya kira Luka ƙaunataccen likita. Ta bi da yatsa ta karanta duka, ba ta musa ko ɗaya ba. Sai ta rufe Littafin ta ce, "Mama, ke nas ce. Shi kuwa bawan Allah ne." Ba a daɗe ba ta yanke jiki ta faɗi a bakin rumfarta. Yanzu ɓarin jikinta na dama ya shanye, 'yarta da ya kamata tana makaranta ita ce ke ba ta koko da cokali.

Maganar nan tata ba ta bar ni na yi barci ba. Ayoyi ba su yi mata ƙaranci ba, ta gani da idonta. Abin da ya yanke hukunci a zuciyarta shi ne wanda ta riga ta ba amana. Shi ya sa nake cewa tambayar wa za mu saurara ta fi ƙarfin a bar wa malaman makarantar tauhidi su kaɗai, domin a kanta ake rasa lafiya, da aure, da kuɗin makarantar yara.

Kada wani ya ce ban gaskata da warkarwa ba. Na gaskata. Matiyu da kansa, a sura 8, ya ɗauko wannan annabci na Ishaya lokacin da Yesu yake warkar da marasa lafiya. A shekarun da na yi a bakin gadon majinyata na ga waɗanda muka fid da rai da su sun tashi, na kuma durƙusa tare da iyalai mun yi addu'a. Amma waɗanda suka kawo mana bishara su ne suka gina asibitin Vom, da na Wusasa, da Jan Kwano a Jos, da na Galmi a Jamhuriyar Nijar da aka buɗe a 1950. Mutanen addu'a ne, ba su kuwa ga saɓani tsakanin durƙusawa da ba da magani ba.

Jawo aya ba shi ne shaidar gaskiya ba. A jejin gwaji, Iblis ya kai Yesu ƙololuwar Haikali ya karanta masa Zabura 91, cewa za a umarci mala'iku su tallafe shi. Ayar tana nan a rubuce, bai ƙirƙira ta ba. Ubangiji bai ce masa ayar ƙarya ce ba, sai ya ajiye wata kusa da ita daga Maimaitawar Shari'a, wadda ta hana gwada Allah. Duk wanda yake so, zai iya tsinko layi ɗaya daga littattafai 66 ya ɗora masa kayan da ya ga dama. Manzo Bitrus ma ya faɗa a ƙarshen wasiƙarsa ta biyu cewa a rubuce-rubucen Bulus akwai abubuwa masu wuyar ganewa, waɗanda marasa sani suke murɗewa har su hallaka kansu. In manzo ya ce akwai wuya, ni ban yarda da mutumin da komai yake masa sauƙi ba.

Ina ganin mun rabu gida biyu, kuma duka gidajen suna yoyo. Akwai masu cewa, "Ni da Littafina da Ruhu Mai Tsarki mun isa, ba na bukatar kowa." Yawanci matasa ne masu himma, ina kuma ƙaunar himmarsu. Amma su tuna da mutumin nan na Habasha a littafin Ayyukan Manzanni, ma'ajin sarauniya, mutum mai ilimi da muƙami, yana zaune a karusarsa yana karanta wannan sura ta 53 ta Ishaya. Filibus ya tambaye shi ko yana gane abin da yake karantawa, ya ce ina zai gane in ba wanda ya bi da shi? Bai ji kunyar neman malami ba. Ɗaya gidan kuma su ne masu cewa, "Baba ya faɗa, magana ta ƙare." Su kuma su tuna da mutanen Biriya. Bulus ne da kansa yake musu wa'azi, amma kowace rana suna komawa Littattafai su duba ko haka ne. Luka bai kira su masu taurin kai ba, yabon su ya yi, ya ce sun fi na Tasalonika. Ke nan ana bukatar malami, ana kuma bukatar a bincika malamin.

Wannan gardama ta girme mu nesa ba kusa ba. Tun zamanin manzanni, da rigima ta tashi a kan kaciyar al'ummai, ba mutum ɗaya ne ya shiga ɗaki ya fito da wahayi ba. An taru a Urushalima, manzanni da dattawa, an yi muhawara mai zafi, an saurari shaida, an duba annabawa, sa'an nan aka rubuta wasiƙa. A shekara ta 325 shugabannin ikilisiya suka taru a Nikiya saboda koyarwar Ariyus a kan Almasihu, shi ma kuwa da ayoyinsa ya zo. A 1521, a birnin Worms na Jamus, Martin Luther ya ƙi janye rubuce-rubucensa sai in an nuna masa kuskurensa daga Nassi da hujja bayyananniya, domin a ganinsa Paparoma da majalisu sukan yi kuskure. Ikilisiyar Katolika ta amsa a majalisar Trent a 1546, cewa kada kowa ya fassara Nassi saɓanin yadda Ikilisiya ta riƙe shi. Har yau a nan bambancinmu yake: ɗan Katolika zai ce hukunci na ƙarshe yana hannun Ikilisiya mai koyarwa, mu kuma mu ce yana cikin Nassi. Amma ku lura, Luther bai ce kowa ya zama sarkin kansa ba, ya zauna ya rubuta katikisma, ɗan littafin tambaya da amsa a kan bangaskiya, don a koya wa yara da iyayensu. Katolika ma, a majalisar Vatican ta biyu a 1965, ta ƙarfafa mabiyanta su riƙa karanta Littafi da kansu. Ba ɓangaren da ya taɓa koyar da cewa wanda ya fi ɗaga murya shi za a bi.

A ƙasarmu kuwa, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, aikin da Likita Walter Miller na Zariya ya sha wahalarsa tare da abokan aikinsa, aka kuma sake sabuwar fassara a 1979. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, manomi ne, ba Bahaushe ba, amma da Hausa ya koyi karatu. Yakan ba mu labari cewa a ajin masu neman baftisma sai an ga mutum yana iya haɗa baƙi ya karanta aya da kansa kafin a kai shi rafi. Ina tuna shi da dare, fitilar ƙwai a gefe, tabarau ɗaure da zare, yana bin layi da ɗan tsinke. In mai bishara ya faɗi abin da bai gamsu da shi ba ranar Lahadi, ba ya tayar da hayaniya. Da yamma zai saɓa Littafinsa a hammata ya tafi gidansa, su zauna a kan kututture, ya ce, "Malam, nuna mini wurin." Mai bisharar kuwa bai taɓa ɗaukar wannan raini ba. Wani lokaci mahaifina ya dawo ya ce an ganar da shi, wani lokaci kuma Lahadi mai zuwa mai bishara ya gyara maganarsa a gaban jama'a. Mutanen nan biyu ba mai takardar firamare a cikinsu.

Daga wajensu na koyi abin da nake fara dubawa ga kowane mai wa'azi: yana so a duba bayansa, ko ba ya so? Malamin kirki yakan faɗi sura da aya, ya dakata har a gama buɗewa, ya karanta abin da ke gaba da abin da ke baya, ya gaya maka wa ya rubuta, wa aka rubuta wa, a kan wace matsala. Wanda ba na kirki ba yakan fizgi rabin aya a guje, kafin ka buɗe ya tsallaka wata, in ka ɗaga hannu ya ce kana da ruhun shakka. Ku ɗauki aya ta 2 ta wasiƙar Yahaya ta uku, wadda ake ta yi mana wa'azin arziki da ita. Gaisuwa ce dattijo yake yi wa abokinsa Gayus, yana masa fatan lafiya da zaman arziki, kamar yadda na buɗe wannan wasiƙa da fatan alheri. Wasiƙar gaba ɗaya ba ta cika shafi ba. Da za a daure a karanta ta har ƙasa, da an haɗu da wani Diyotarifis, mai son shugabanci, wanda ba ya karɓar maganar kowa, yana kuma korar mutane daga ikilisiya. Ban taɓa jin masu wa'azin aya ta 2 sun kai aya ta 9 ba.

Sai kuma in tambaya: wa ya isa ya ce masa ya yi kuskure? Nan ne ake jawo mana Zabura 105:15, kada ku taɓa shafaffuna. Ku buɗe ku karanta daga farkon zaburar. Ana maganar Ibrahim da Ishaku da Yakubu ne, lokacin da suke 'yan kaɗan suna yawo a ƙasashen mutane, Allah ya tsawata wa sarakuna kada su cuce su. Kariya ce ga marasa ƙarfi daga masu iko. Yau an juya ta ta zama garkuwar mai iko daga tambayar marasa ƙarfi. Alhali Bulus ya tsaya ido da ido ya tsawata wa Bitrus a Antakiya a gaban kowa. Afolos, mutumin Iskandariya, gwanin magana ne, masanin Littattafai, amma da Bilkisu da mijinta Akila, masu ɗinkin tanti, suka ji wa'azinsa da saura, sai suka ja shi gefe suka ƙara masa bayani, ya kuwa karɓa. Ina so mata 'yan'uwana su riƙe wannan labari da kyau. Fastonmu yana da dattawa da za su iya zaunar da shi, yana da gunduma a samansa, ana iya yi masa canjin wuri, ana iya dakatar da shi. Tsarin ba cikakke ba ne, na san siyasar da ke ciki, na kuma ga inda aka rufe laifin babba aka hukunta ƙarami. Duk da haka akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Mutumin da shi ya kafa, shi ne shugaba, matarsa ce ma'aji, ƙaninsa ne sakatare, in ya kauce wa zai dawo da shi?

Abin da ya faru a dajin Shakahola na ƙasar Kenya a 2023 ya isa ya girgiza kowane mai bi. An tono gawarwaki sama da 400, da yawa yara ne, na mabiyan wani mai wa'azi, Paul Mackenzie, waɗanda aka ce an koya musu su yi azumi har mutuwa don su sadu da Yesu. Kafin wannan, a watan Maris na 2000, a Kanungu ta ƙasar Uganda, wata ƙungiya da ta ɓalle daga Katolika tana wa'azin ƙarshen duniya ta hallaka mutane sama da 700, wasu a cikin wuta, wasu aka same su a ramuka. Ba a rana ɗaya aka kai su can ba. An fara ne da raba su da sauran masu bi: duk majami'u sun ɓata, mu kaɗai muka rage, kada ki saurari mijinki, kada ka kai yaro makaranta, kada ku je asibiti. Duk koyarwar da sharaɗinta na farko shi ne ka toshe kunne daga kowa sai mutum ɗaya, ka tattara takalmanka tun da sauran haske.

Annabci kuwa Littafi ya ba mu ma'auninsa a fili a Maimaitawar Shari'a 18:22: in abin bai faru ba, ba Ubangiji ne ya faɗa ba. Harold Camping na Amurka ya sa ranar 21 ga Mayu 2011 a matsayin ranar shari'a, wasu mabiyansa suka kashe abin da suka tara wajen tallata ranar, alhali Yesu ya ce ba wanda ya san ranar ko sa'ar. Shi dai daga baya ya fito ya amsa cewa ya yi kuskure. Namu na gida fa? Kowace jajibirin sabuwar shekara da kowane zaɓe ana zuba mana annabce-annabce, wane zai ci, wane zai mutu. In bai faru ba, sai a ce addu'a ce ta kawar, a wuce zuwa na gaba, jama'a kuma su ƙaru. Laifin a nan namu ne masu sauraro, domin ba ma ajiye lissafi.

Kuɗi ma abin dubawa ne. Ban ce kada a ba da zakka da baiko ba, ina bayarwa, ma'aikaci kuma ya cancanci ladansa. Amma in kowace aya, daga Farawa har Wahayin Yahaya, ta bi ta zagaya ta ƙare a lambar asusun mai wa'azi, sai ya tuna mini da masu tallar magani a motar haya, waɗanda kwalba ɗaya take warkar da basir da taifot da ciwon sanyi da rashin haihuwa. A aikinmu mun san maganin da aka ce yana maganin komai, ba ya maganin komai. Sa'an nan Ubangiji ya ce da 'ya'yansu za a san su. To, ta yaya zan ga 'ya'yan mutumin da ban taɓa gani ba sai a fuskar waya, a minti uku da shi ya zaɓa ya yanka ya tura? Faston da ke unguwarmu na san yadda yake magana da matarsa, na san ko yana biyan bashin mai shago, na gan shi da tsakar dare a ɗakin ajiye gawa tare da iyalin da ba su da ko sisi. Wa'azinsa ba ya sa tsikar jiki tashi, wani lokaci ma har gyangyaɗi ake yi. Amma in ya ce mini ga abin da aya take nufi, maganarsa tana da nauyin rayuwar da na gani.

Ba ina cewa takardar makaranta ko tsufan ɗarika su ne tabbaci ba. Ilimi yana da muhimmanci ƙwarai. Don haka aka kafa kwalejin tauhidi ta TCNN da ke Bukuru, da makarantunmu na Kagoro da Igbaja da Jos. Marigayi Dokta Byang Kato, ɗan Kwoi, kafin rasuwarsa a Mombasa a 1975, ya yi ta kira a zurfafa ilimin tauhidi a Afirka, domin ya hango ikilisiya mai yawan jama'a da ƙarancin koyarwa, abin da muke ciki yanzu ke nan. Amma masu digiri ma sun ɓatar da mutane, manyan ɗariku ma sun yi. Babbar ƙungiyar Baptis ta kudancin Amurka an kafa ta ne a 1845 a kan rigimar mallakar bayi, malamanta suna kare bauta da ayoyi, sai a 1995 ta fito ta nemi gafara. Cocin Dutch Reformed na fararen fatar Afirka ta Kudu ya yi shekaru yana kare wariyar launin fata da labarin hasumiyar Babila. Wa ya gyara su? Waɗansu Kirista ne, da yawansu baƙar fata da ake dannewa, masu karanta wannan Littafi ɗaya, suka ce ba haka aka rubuta ba. A 1982 ƙungiyar majami'un Reformed ta duniya ta dakatar da cocin. Abin da na ɗauka a nan shi ne, in fassara ta yi wa mai fassara daɗi fiye da kima, ta ƙara masa dukiya ko iko a kan wasu, a je a tambayi waɗanda take dannewa yadda su suke karanta wurin.

Akwai kuma abubuwan da masu bi na gaskiya suka daɗe suna saɓani a kansu, ba kuwa za a gama ba kafin Ubangiji ya dawo. 'Yar'uwata ta jini tana aure a Angilikan, an yi wa 'ya'yanta baftisma suna jarirai, nawa sai da suka girma aka nutsar da su a ruwa. Ƙawata 'yar ɗarikar COCIN ce, wata 'yar ɗarikar EYN, wata 'yar Katolika. Mukan yi gardama a kan ɗaurin kai da sa wando da harsuna. Amma in aka tashi Shaidar Bangaskiya ta Manzanni, baki ɗaya muke faɗa. Wanda ya mai da ɗankwali ƙofar sama, ya kuma yi shiru a kan gaskiya da jinƙai da riƙon amana, ya juya Littafin a kife. Haka kuma wanda ya zo da sabon abu a kan ko wane ne Almasihu, ko yadda ake samun ceto, wanda ba wani mai bi da ya taɓa gani cikin shekara kusan 2000 sai shi, ba na bukatar dogon bincike kafin in yi nesa da shi. Bulus ya gaya wa Galatiyawa ko mala'ika ne daga sama ya zo da wata bishara dabam, kada su karɓa.

Yanzu ga kukana ga shugabanninmu, Rabaran-Rabaran da dattawa. Iyayenmu, ku yi haƙuri da ni, amma mun bar gurbi ne wasu suka cika. Nazarin Littafi na tsakiyar mako ya mutu a majami'u da yawa, ko ya koma wani wa'azin inda mutum ɗaya ke magana sauran suna amin. Sanarwa da gabatar da baƙi da tara kuɗin gini sukan cinye lokacin sujada, a bar wa Magana ɗan abin da ya rage. Yaranmu da yawa ba sa iya karanta Hausa sosai, Turancin ma bai zauna ba, sun tsaya a tsakiya ba Littafin da suke jin daɗin buɗewa. In mace ta zo da tambaya mai wuya, sau da yawa sai a ce mata ta je ta yi addu'a. Shi kuwa na cikin waya ba ya gajiya, ba ya cewa ki dawo gobe, yana da amsa a kan rashin haihuwarta da mijinta mai shaye-shaye da jarin da ya karye. Amsar ƙarya ce, amma amsa ce. Malamanmu na makarantun tauhidi kuma suna rubuta takardu da Turanci mai nauyi don junansu. Ina roƙonku ku fito ku yi magana da Hausa, a rediyo da cikin wayoyin nan, a kan abubuwan da ke hana mutanenmu barci.

A zumuntarmu mun fara wani ɗan abu tun bayan abin da ya sami 'yar'uwarmu. Duk wadda aka turo mata wa'azin da ya dame ta ko ya burge ta, ta kawo. Mukan kunna mu ji tare, mu nemo ayar, mace ɗaya ta karanta surar gaba ɗaya da ƙarfi, da Hausa, waɗanda ba su iya karatu ba su saurara, sa'an nan kowa ta faɗi abin da ta ji. Wata tsohuwa da ba ta san ko baƙi ɗaya ba ita ce ta fi mu kama inda aka yanke aya, takan ɗaga sandarta ta ce, "A'a, koma baya kaɗan, ba haka ya faɗa ba." Abin da ya fi ƙarfinmu mukan rubuta a takarda mu kai wa Baba Fasto, mun kuma roƙe shi in bai sani ba ya ce bai sani ba, ya je ya bincika ya dawo mana. Ya yarda, yana kuma yi. Ina roƙon sauran zumuntoci, na mata da na maza da na matasa, a kowace ɗarika, su gwada wannan. Wanda kuma yake shan maganin hawan jini, ko na ciwon suga, ko na ƙanjamau, ko na farfaɗiya, don Allah kada ya ajiye shi saboda maganar wani mai wa'azi sai ya koma wurin likitan da ya rubuta masa an sake auna shi.

Na gode, Malam Edita, da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridar nan albarka.

Taku,
Wata uwa a Zumuntar Mata,
Kaduna.